Darasi na Tara: Binciken Gida da Kare Shi daga Gara da Ƙwarin Katako

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya bambance gara da sauran ƙwarin da ke cin katako, ya san wuraren da ake dubawa a gida da lokacin da ya dace a duba su, ya kuma iya bayyana matakan da ake ɗauka tun daga sharar fili har zuwa bayan an tare, domin kada katakon gida ya zama abincin ƙwari. An gina darasin a kan yanayin garin Doma da kewayensa a Jihar Nasarawa, amma abin da ke cikinsa ya shafi duk wani gari mai irin wannan ƙasa da irin wannan damina.

1. Ƙasar Doma da sababbin unguwanninta

Doma, hedikwatar ƙaramar hukuma mai wannan suna kuma mazaunin Andoma, basaraken Alago na Doma, tana kudu maso yamma da Lafiya, da tazarar da ta ɗan haura kilomita 20. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa a 1996 aka mai da Lafiya babban birninta, gine-gine suka yi ta bazuwa a garuruwan da ke kusa da ita, har filayen bakin gari da a da ake noman doya da rogo da riɗi da masara a cikinsu aka yanka su fuloti, aka kafa gidajen bulo da kwano. Waɗannan gidaje na bayan gari su ne suka fi fuskantar barazanar gara, domin an ɗora su ne a kan ƙasar da gara ta riga kowa zama, wadda take cike da kututture da saiwoyi da ragowar amfanin gona.

Yanayin yankin ma yana taimaka mata. Damina tana farawa wajen watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwan da ake samu a shekara ya haura milimita 1,000, kuma ko da rani ƙasa ba ta rasa danshi a can ƙarƙashi. Binciken da masana suka yi a shekarun 1970 a Mokwa ta Jihar Neja, wadda dajinta irin na Doma ne, ya nuna cewa fiye da rabin busasshen itacen da ke faɗuwa a daji a kowace shekara gara ce ke cinye shi. A daji wannan aiki ne mai amfani, domin tana mai da matattun itatuwa taki, tana huda ƙasa ruwa ya samu hanyar shiga, kuma manoman Nijar da Burkina Faso da ke farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ƙananan ramuka suna zuba taki a ciki, da gangan suke jawo ta ta yi musu wannan aiki. Matsalar ita ce gara ba ta bambance reshen da ya faɗi a daji da firam ɗin ƙofar ɗaki, saboda haka manufar mai gida ba ta kasance ƙarar da gara daga doron ƙasa ba, sai dai raba ta da katakonsa.

2. Rayuwar gara

Ko da yake jama'a kan ɗauke ta 'yar'uwar tururuwa, masana ilimin ƙwari sun tabbatar cewa gara ta fi kusa da kyankyaso. An san nau'o'inta kusan 3,000 a duniya, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke ɓarna a gidaje. Tana rayuwa ne cikin jama'a guda mai rabon aiki. Akwai sarauniya da mijinta, waɗanda aikinsu haihuwa ne kawai, kuma a manyan nau'o'i sarauniya kan kai tsawon santimita 10, tana saka ƙwai dubbai a kowace rana. Akwai ma'aikata, farare masu taushin jiki, waɗanda su ne ke fita neman abinci, su ne kuma ke yin ɓarnar da ake gani. Akwai sojoji masu manyan kawuna da ƙarfin muƙamuƙi, masu kare gida daga tururuwa. Sai kuma shinge, wato masu fukafukai da ke fitowa bayan ruwan farko suna taruwa a jikin fitila, waɗanda su ne maza da matan da za su zubar da fukafukansu, su shiga ƙasa bibbiyu, su kafa sabon gida.

Ta fuskar mai gida, gara ta kasu gida uku. Kashi na farko shi ne manya masu gina suri, waɗanda aka fi sani da zago, masana kuma suna kiran jinsinsu Macrotermes. Waɗannan ba sa cin itace kai tsaye kaɗai, suna tauna shi ne su kai cikin suri su shuka wani irin naman gwari a kansa, wanda ke narkar musu da shi ya zama abinci, kuma hanyoyinsu na ƙarƙashin ƙasa kan yi nisan gomman mitoci daga surin. Kashi na biyu shi ne ƙanana da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa ko cikin ruɓaɓɓen kututture ba tare da wani suri da ido zai gani ba, irin su Microtermes da Ancistrotermes da Coptotermes, kuma rashin surin ne ke sa mai gida ya saki jiki yana zaton filinsa ba shi da gara. Kashi na uku shi ne garar busasshen katako, jinsin Cryptotermes, wadda ba ta buƙatar ƙasa ko kaɗan, tana zaune cikin katakon da take ci, an fi samunta a kudancin ƙasar nan mai laima, kuma takan iso wasu wurare ne a cikin tsofaffin kujeru da gadaje da falankan da aka yi safararsu.

Kashi biyu na farko su ne manyan maɓarnata a yanki irin na Doma, kuma suna da rauni guda wanda duk dabarun kariya suka dogara a kansa: jikinsu ba ya jure bushewa. Dole ne su riƙa komawa ƙasa mai danshi, kuma idan za su haye bango ko siminti sai sun gina wa kansu rufaffiyar hanya ta laka wadda za ta kare su daga iska da hasken rana da tururuwa. Haka kuma suna cin katako ne daga ciki su bar fatar waje da fentinta, shi ya sa ɓarnar kan daɗe ba a gane ta ba. Malaman tafsiri sun bayyana cewa gara ce ta ci sandar Annabi Sulaiman, kamar yadda labarin ya zo a Suratu Saba'i, ba wanda ya ankara sai da sandar ta karye, kuma har yau halinta ke nan.

3. Sauran ƙwarin katako

Ba duk ɓarnar katako ce aikin gara ba, kuma sanin mai laifin yana da muhimmanci domin maganin wannan ba ya yi wa wancan. Akwai ƙananan ƙwari masu tauri a baya, waɗanda matansu ke saka ƙwai a cikin ƙofofin jikin katako, tsutsarsu ta yi watanni tana ci a ciki, sa'annan ta rikiɗe ta huda ta fito. Alamarsu ita ce ƙananan ramuka zagayayyu masu faɗin milimita 1 zuwa 3, da gari mai laushi da ke zuba ƙarƙashin gado ko kan silin. Sun fi son farin ɓangaren itace, wato na kusa da ɓawo, domin a nan ne sitaci yake, kuma suna matuƙar son gora da tukurwa da katako mai taushi. Zuciyar itace, wato tsakiyarsa mai duhu da tauri, ba ta cika ba su sha'awa ba.

Akwai kuma wani babban baƙin ƙwaro dangin zuma, mai ƙugi idan yana tashi, wanda ke huda rami mai faɗin fiye da santimita 1 a katakon bakin rufi da na rumfa domin ya yi sheƙa. Ba cin katakon yake yi ba, amma idan ramukan suka yi yawa shekara da shekaru sukan raunana shi. Ta ƙarshe ita ce ruɓa, wadda ba ƙwaro ke kawo ta ba, wani nau'in naman gwari ne da ke kama katakon da danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100 na tsawon lokaci. Katakon da ya fara ruɓewa yakan yi taushi ya sauya launi, kuma shi ne gara ta fi saurin samu, saboda haka yoyon kwano ɗaya kan jawo ɓarna biyu a wuri guda.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce duba abin da aka bari. Idan an ga laka a ciki ko a jikin katako, garar ƙasa ce. Idan an ga ƙananan ƙwayoyi busassu masu tauri sun taru a ƙasa, garar busasshen katako ce. Idan gari ne mai laushi tare da ramuka zagayayyu, ƙwarin katako ne. Shinge ma ana bambance shi da tururuwa mai fukafukai, domin fukafukansa huɗu tsawonsu ɗaya ne kuma ba shi da siririn ƙugu, alhali ita tururuwa ƙugunta a tsuke yake, fukafukanta na gaba sun fi na baya tsawo.

4. Yadda ake binciken gida

Ya kamata a binciki gida sau biyu a shekara: a farkon damina, tsakanin Afrilu da Mayu, lokacin da shinge ke fita kuma gara ke ƙara kuzari, sai kuma da kaka, tsakanin Oktoba da Nuwamba, lokacin da ake shigo da amfanin gona da kara da itace cikin gida. Kayan aikin ba su wuce tocila mai haske, da sukundireba, da ƙaramar guduma, da tsani, da littafin rubuta abin da aka gani ba. Bincike yana tafiya ne daga waje zuwa ciki, daga ƙasa zuwa sama, domin ta haka ita ma garar take shigowa.

A waje, ana fara zagaya katanga da gindin ginin gaba ɗaya, ana neman hanyoyin laka da suka taso daga ƙasa suka hau bango, musamman a kusurwoyi, da bayan matakala, da wurin da bututun ruwa ko na waya ya shiga gini, da gefen da ba ya samun rana. Ana duba kututture, da gindin mangwaro ko kashu ko darbejiya da ke kusa da ɗaki, da turakun danga da na rumfa, da wurin ajiye itacen girki, da kewayen rijiya da sokawe da makwararar banɗaki. Duk inda ruwa ke kwanciya a gindin bango bayan an ɗauke ruwan sama, a rubuta shi ko da ba a ga gara ba, domin nan gaba za a gan ta.

A ciki, ana bin inda daɓe ya haɗu da bango, ana janye gado da kabad da buhunan hatsi da kwalaye daga jikin bango a haska bayansu. Tsagar da ba ta fi milimita 2 ba a daɓen siminti ta ishi gara hanya, saboda haka kowace tsaga abar lura ce. Ana ƙwanƙwasa firam ɗin ƙofa da na taga da gindin sukundireba, a fara daga ƙasa, domin katako mai lafiya yana ba da sauti mai ƙarfi, wanda aka cinye cikinsa kuwa sautinsa na holoƙo ne. Inda aka ji shakka sai a danna bakin sukundireba a hankali, in ya nutse ba tare da wahala ba to ɓarna ta riga ta yi nisa. Fentin da ya kumbura, da ƙofar da ta fara cijewa ba tare da dalili ba, da fukafukan shinge da suka taru a cikin ɗakin da ke rufe, da ɗigon laka a jikin soket na lantarki, duk alamu ne da ba a wuce su. Littattafai da takardun fili da tabarmi da tufafin da aka ajiye a ƙasa su ma a ɗaga su a duba.

Rufi shi ne wurin da aka fi mantawa, alhali a nan katako mafi tsada yake. Kafin a shiga cikin silin sai an kashe wutar lantarki, mai shiga kuma ya taka manyan katakai kawai, ya yi hattara da kunama da maciji da rina, sa'annan wani ya tsaya masa a ƙasa. Ana duba katakon da ya kwanta a kan bango, wanda duk rufin ke zaune a kansa, domin garar da ta biyo ramin bulo ko bayan filasta a nan take fara fitowa. Ana duba mahaɗar katakai, da wuraren da kwano ke yoyo, da tabon ruwa a kan silin, da garin katako da ya taru a kansa. Daga waje kuma, rufin da ya lotsa a tsakiya alama ce ta cewa wani katako ya gaza.

Idan an samu hanyar laka, akwai gwaji mai sauƙi na sanin ko tana aiki. Ana fasa kamar santimita 3 a tsakiyarta a bar sauran, a dawo bayan kwana biyu ko uku. Idan an tarar an gyara wurin, gara tana nan, idan kuwa yana yadda aka bar shi, mai yiwuwa tsohuwar hanya ce, ko da yake za a ci gaba da sa mata ido. Kuskure ne a kankare duk hanyoyin a share wuri kafin a bi su a gano ta inda suka taso, domin hanyar ita ce shaidar da ke nuna mashiga. Wanda zai sayi gida ko ya kama haya ya kamata ya yi irin wannan bincike kafin ya biya kuɗi, ya kuma ƙara lura idan ya ga sabon fenti a kan tsohon katako.

5. Kariya a lokacin gini

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma babu inda maganar ta fi dacewa kamar nan, domin abin da za a yi da kuɗi kaɗan kafin a zuba daɓe sai an fasa gini kafin a yi shi daga baya. Matakin farko shi ne a tumɓuke duk kututture da manyan saiwoyi daga fili, a kwashe su, kada a binne su a cikin ciko. Idan akwai suri a fili ko kusa da shi, a haƙe shi har a kai ga ɗakin sarauniya a cire ta, tare da sanin cewa hakan ya kawar da gida ɗaya ne kawai, bai taɓa garar da ba ta gina suri ba. Ƙasar ciko ta kasance jar ƙasa mai tsabta wadda ba ta da ciyawa ko shara, a daddale ta sosai domin kada daɓe ya zauna ya tsage daga baya.

Mataki na biyu shi ne a ɗaga daɓen gida aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje, a cika ramukan bulon fandisho da kankare, a shimfiɗa leda mai kauri, sa'annan a zuba kankare guda wanda zai haye kan bulon fandisho gaba ɗaya, wato abin da magina ke kira jaman fulo. Amfaninsa shi ne ya datse danshi, ya kuma tilasta wa gara ta fito fili ta gina hanyarta a inda ido zai gan ta. Mutane da yawa kan tsallake wannan mataki domin rage kuɗin siminti, su ɗora bango kai tsaye su yi daɓe ɗaki-ɗaki daga baya, wanda hakan ke barin tsaga a gindin kowane bango. Wuraren da bututu ya ratsa kankare a toshe su da kyau. Bayan an gama, a cire duk falankan da aka yi amfani da su wajen zuba kankare da linta, da turakun awo, da guntayen katako da takardu, domin katakon da aka manta a ƙarƙashin matakala ya sha zama mafarin ɓarnar gida sukutum.

Mataki na uku shi ne zaɓen katako. Magina na gargajiya a ƙasar Hausa sun dogara da azarar giginya wajen rufin soro saboda gara ba ta cika iya mata ba, kuma zuciyar ƙirya da kawo da loko da maɗobiya tana da irin wannan juriya. Sai dai waɗannan itatuwa sun yi ƙaranci sun yi tsada, har maɗobiya ta shiga jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe saboda yawan sara. Abin da ya fi yawa a kasuwar katako yanzu shi ne mai taushi, irin su obece da rimi da maje, da kuma malaina da ake yankewa tun ba ta ƙosa ba, kuma araha ba ta ado. Duk wanda zai saya ya nemi busasshen katako wanda ba shi da ɓawo, ba shi da ramuka, kuma farin ɓangarensa bai yi yawa ba. A shafa masa maganin katako, irin su Solignum ko wani mai rajista, bayan kafinta ya gama yanka shi, a jiƙa bakunan da aka yanka sosai domin ta nan ƙwari suka fi shiga, kuma tsoma katako cikin magani ya fi shafa shi da buroshi. Baƙin man inji da ake yawan shafawa yana rage shigar ruwa na ɗan lokaci, amma ba ya ratsa cikin katako, yana ƙara haɗarin gobara, kuma bai dace da cikin ɗakin kwana ba. Inda hali ya yi, firam ɗin ƙarfe ko na alminiyam ya fi na katako, idan kuwa na katako ne, kada a binne ƙafarsa cikin daɓe.

6. Kariya bayan an tare

Gidan da aka riga aka gina yana samun kariya ne ta hanyar hana danshi da hana katako taɓa ƙasa. A gyara yoyon kwano da na famfo da zarar an gan shi, a karkata ƙasar tsakar gida yadda ruwa zai gudu daga gindin bango, a yi daɓen siminti mai faɗin kamar santimita 60 a kewayen gini inda ruwan rufi ke zuba. Kada a tara ƙasa ko a yi kunyar fulawa a jikin bango har ta rufe gindinsa, domin hakan ya ba gara gada ta haye ba tare da an gan ta ba. Itacen girki da kara da ragowar falanki a ajiye su nesa da ɗaki, a kan duwatsu ko bulo. Buhunan masara da shinkafa da gyaɗa a ɗora su a kan dakali ko marfin ƙarfe, a bar tazara tsakaninsu da bango. Turakun rumfa da na rumbun doya a ɗora su a kan dutse ko kankare maimakon a kafa su cikin ƙasa.

Ƙananan kayan katako da ƙwari suka kama ana iya ceto su da zafi. Ƙa'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita wajen tsabtace katakon ɗaurin kaya ita ce tsakiyar katako ta kai digiri 56 na ma'aunin Selsiyus har tsawon minti 30, kuma ana iya kusantar wannan a gida ta hanyar naɗe kujera ko akwati cikin leda a shanya shi a ranar watan Maris na 'yan kwanaki, ana juya shi. Gora kuwa, idan an sare ta bayan damina aka jiƙa ta a ruwa na wasu makonni kafin a busar da ita, sitacin da ke jawo ƙwari yakan ragu. Katakon da ya riga ya zama holoƙo ba shi da magani sai canji.

7. Amfani da maganin ƙwari

Magani shi ne mataki na ƙarshe, kuma yana aiki ne idan an sa shi a ƙasa, tsakanin gidan gara da katako. Fesa fiya-fiya a kan garar da aka gani yana kashe 'yan ɗaruruwa ne kawai daga cikin dubban da ke ƙarƙashin ƙasa, sauran su sauya hanya. A sabon gini ana jiƙa ramin fandisho da ƙasar ciko da magani kafin a zuba kankare, a tsohon gini kuwa ana haƙa ƙaramin lambatu a kewayen bango a zuba, wani lokaci kuma a huda daɓe a ɗura a toshe. Magungunan da ke ɗauke da sinadarin fipronil ko imidacloprid gara ba ta jin su balle ta kauce, takan ratsa ta cikinsu ta kwasa ta shafa wa 'yan'uwanta. Kowane irin magani ƙarfinsa yana raguwa bayan wasu shekaru, saboda haka sa shi bai ɗauke wa mai gida nauyin bincike ba.

Tsofaffin magunguna irin su aldrin da dieldrin da chlordane an haramta su a ƙarƙashin Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Nijeriya ta sa wa hannu, a 2009 kuma aka ƙara da lindane, wanda aka fi sani da gamalin, domin suna daɗewa a ƙasa da ruwa suna taruwa a jikin mutum da dabba. Wanda zai sayi magani ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewarsa, ya bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, ya guji wanda aka ɗura a gorar da ba ta da suna. Mai aiki ya sa safar hannu da takalmi da abin rufe hanci, a fitar da yara da dabbobi da abinci, kada a zuba magani kusa da rijiya ko a lokacin da hadari ya haɗo, kuma kada a sake amfani da mazubinsa wajen ɗibar ruwa. Ƙwayar da ake sakawa cikin buhunan hatsi tana fitar da iska mai kisa, ba a sa ta a ɗakin da mutane ke kwana ko wanda ke manne da shi. Idan ɓarna ta kai ga rufi, ko gara ta dawo bayan an yi magani, aikin ya zama na ƙwararre, kuma jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma da malaman gona suna iya ba da shawara. Da yake hanyoyin gara ba su san iyakar fuloti ba, kango ko filin maƙwabci da aka bari da kututture da suri yana shafar kowa, saboda haka ya dace a kai irin wannan batu gaban mai unguwa a yi aikin tare.

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai ne suka sa gidajen da aka gina a tsofaffin gonaki suka fi fuskantar gara?
2. Me ya sa rashin suri a fili ba ya nufin babu gara a cikinsa?
3. Ta yaya ake bambance ɓarnar garar ƙasa da ta garar busasshen katako da ta ƙwarin katako?
4. Mene ne amfanin jaman fulo, kuma me ke faruwa idan an tsallake shi?
5. Waɗanne matakan tsaro ake ɗauka kafin shiga cikin silin da kuma lokacin zuba magani?

Aikin yi

Kowane ɗalibi ya zana taswirar gidan da yake zaune a ciki, ya bincike shi bisa tsarin da aka bayyana a sashe na 4, ya sa alama a duk inda ya ga hanyar laka, ko tsaga, ko danshi, ko katakon da ya taɓa ƙasa. A zama na gaba ɗalibai za su kasu rukuni-rukuni su kwatanta taswirorinsu, kowane rukuni ya fitar da gyare-gyare uku da za a iya yi ba tare da sayen magani ba, ya kuma ƙiyasta kuɗin kowanne bisa farashin kasuwar Doma.